Ciwon Da Ke Tafiya Ya Dawo

Tun da hantsi hayaƙin da Gwaggo Luba ta turara ya cika gidan Alhaji Abdallah da ke Gwammaja. Ya bi soro, ya kama labulaye, har ruwan randa sai da ya ɗauki warinsa. Ba turaren ƙamshi ba ne, haɗin wasu saiwoyi ne da ta karɓo daga wurin wani mai magani, wai na karya sammu.

Nafisa na tsugune a gindin famfo tana wanke zanin gadon mahaifinta. Hannunta na cikin kumfa, kunnenta na ɗakinsa. Duk tarin da ya yi sai gabanta ya faɗi, in kuma ya yi shiru sai faɗuwar gaban ta fi ta farko.

Ciwon ya fara ne a goman ƙarshe na azumi. Gudawa ce ruwa zalla, babu jini, amma kamar an kwance famfo. Ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi, abinci ya fita daga ransa, kasala ta danne shi har jan carbi ya gagare shi. Aka kai shi asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi magani, ya warware har ya je Idi da ƙafarsa.

Ba a gama cin tuwon Sallah ba abin ya dawo. Aka koma, aka auna bayan gidansa, aka ce ba a ga komai ba. Ya sake samun sauƙi, ya sake kwanciya.

Alhaji Abdallah mutum ne fari, kakkaura, mai cika kujera. Yanzu zoben azurfarsa da kansa yake zamewa daga yatsa.

"Ciwon asibiti ba ya wasan ɓuya da mutum," in ji Gwaggo Luba, yayar Alhajin, wadda ta kwaso kayanta ta tare a gidan tun da jikin ya rikice. Tana tsaye a tsakar gida da kaskon wuta a hannu. "Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, likita ya leƙa bai ga komai ba. Zainabu, da ke fa nake. Me ya rage kuma?"

Hajiya Zainab, mahaifiyar Nafisa, tana dama kunu a ƙofar kicin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah ne masani, Yaya."

"Allah ne masani, amma ai ya ba mu hankali. Me ya ci wanda sauran mutanen gidan nan ba su ci ba?"

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Kwandon Nazeer take nufi.

Nazeer ɗan Gwale ne, ya yi karatun aikin gona ya dawo ya riƙe lambun mahaifinsa a bayan gari. Ya daɗe yana neman Nafisa, dangi na ja da baya. Gidan su Nafisa gidan Larabawan cikin birni ne, jikokin fataken da suka ƙetaro sahara suka zauna a Kano, kuma har yau sun fi son aurensu ya zama tuwona maina. Ga kuma Khalifa, ɗan Gwaggo Luba, mai shagon shadda a kasuwar Kwari, wanda tun Nafisa na sakandare dangi ke tsokanarta da matarsa.

Alhaji Abdallah shi kaɗai ya tsaya mata. Ana gobe azumi ya tara 'yan'uwansa ya ce, "Na binciki yaron nan, ban ji aibunsa ba. Bayan Sallah ya turo magabatansa."

Da azumi ya raba tsakiya, don murna Nazeer ya aiko da toshin azumi, kwando shaƙe da salak da kabeji da karas da kokwamba, duk daga lambunsa. Nafisa ta wanke salak ɗin da ruwan gishiri, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta kai wa mahaifinta lokacin buɗa baki. Hajiya Zainab na fama da gyambon ciki, ba ta cin ɗanyen ganye. Alhaji ya ci ya lashe hannu, har da cewa, "Ashe surukin nan nawa zai riƙe ni."

Abin da babu wanda ya sani shi ne, ragowar da ya bari a kwano Nafisa ce ta cinye a kicin.

Gwaggo Luba ta matso har inuwarta ta rufe bahon wankin.

"Ke aka yi wa, 'yar nan. Abin mallaka aka barbaɗa a ganyen nan don a juya miki kai, tsautsayi ya faɗa kan ɗan'uwana. Ɗan mai lambu ya san ba zai samu 'yar gidan nan ta hanyar Allah da Annabi ba."

"Gwaggo, wallahi ba halinsa ba ne."

"Kin ji ko, Zainabu? Uba na kwance rai a hannun Allah, bakinta na kare saurayi. In wannan ba aikin asiri ba ne, a faɗa mini sunansa."

A daidai nan cikin Nafisa ya murɗa. Ta datse haƙora, ta ci gaba da cuɗa zanin kamar ba komai, gumi na tsattsafo mata a goshi. Sai da Gwaggo ta juya da kaskonta sannan ta miƙe a hankali ta nufi banɗakin baya, ta sake famfo ya yi ta zuba don kada a ji.

Nata ya fara ne jim kaɗan bayan na mahaifinta, kuma irin tafiyarsu ɗaya, ya lafa ya dawo. Ta ɓoye. In aka ajiye abinci sai ta ce tana azumin Shawwal. Zaninta sai ta zagayo da shi fiye da da kafin ya kama ƙugu. Ta san ranar da Gwaggo ta ji cewa ita ma ta ci ganyen, ita ma tana kwance a tsaye, ranar maganar asiri za ta zama gaskiya a bakin dangi, ba mai sake kwance ta.

Da ta fito, Hajiya Zainab ta miƙa mata kofin kunu.

"Kai wa Abbanki, ko Allah zai sa ya karɓa daga hannunki."

Ɗakin maigidan yana kusa da soro. Ta yi sallama ta shiga, ta durƙusa a gefen katifa. Idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ya kurɓi kunun sau ɗaya ya kau da kai.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Muryar ta dishe kamar daga rijiya take fitowa. "Ya makarantar?"

"Lafiya lau, Abba. Abba, don Allah mu koma asibiti."

"Na gaji da hawa da sauka. Sun duba sun ce ba komai. Yaya ta ce a ba nata maganin lokaci, to a ba shi."

Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Maganar yaron nan, a dakata tukuna."

Ta ɗauki kofin ta fita, hawaye na ɗiga a cikin kunun.

Washegari ta tafi makarantar firamaren da take koyarwa a Ƙofar Na'isa. Tana tsakiyar rubutu a allo duhu ya rufe mata ido, allin ya faɗi, ta dafa bango ta sulale. Shugabar makaranta ta ce ta tafi gida ta huta. Ta tari adaidaita, amma da mai shi ya ce ina za a, sai ta ji bakinta ya ambaci wani ƙaramin asibiti da ke kan hanya, ba Gwammaja ba.

Likitar da ta samu mace ce, Dakta Shamsiyya, mai yawan tambaya da rashin gaggawa. Nafisa ta fara da nata ciwon, kafin ta ankara ta zazzage mata komai, har na mahaifinta, har awon da aka ce ba a ga komai ba, har kwaɗon salak.

Likitar ta ajiye biro.

"Ku biyu kaɗai kuka ci, ku biyu kaɗai ke ciwon?"

"Mu biyu."

"Za ki ba da bayan gida a auna, amma ba irin awon da aka saba ba. Ki dawo gobe."

Da safe ta yi shiri kamar mai zuwa makaranta, ta zarce asibitin. Tana zama Dakta Shamsiyya ta ce, "An gan shi."

Nafisa ta riƙe gefen kujera.

"Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ido ba ya gani, Cyclospora ake ce mata. Takan manne a jikin ɗanyen ganye idan an yi ban-ruwa da ruwan da bayan gidan mutane ya shiga. In an ci, sai ta yi kamar mako a hanji ba ta nuna kanta ba, sannan ta fara. Halinta ke nan, ta lafa a ce an warke, ta sake tasowa, har wata da watanni in ba a sha maganinta ba. Awon yau da kullum kuma yakan tsallake ta, sai an neme ta musamman."

"Likita, na wanke fa. Da gishiri na wanke."

"Na yarda. Ba kullum wanki ke fidda ta ba, wuta ce ke kashe ta."

Nafisa ta yi ƙasa da murya. "Ke nan ba sammu ba ne?"

"Ni dai abin da aka gani a madubin awo shi nake faɗa miki, kuma yana da magani, ga naki na rubuta. Ke da ƙuruciyarki, jikinki zai ɗauka. Mahaifinki ne abin tsoro. Dattijo in ruwan jikinsa ya ƙare, ƙoda ce ke fara gazawa. Yana fitsari?"

Sai ta tuna abin da ta ji mahaifiyarta na faɗa wa Gwaggo da safen nan, cewa tun jiya bai nemi fo don fitsari ba. Ta girgiza kai.

Fuskar likitar ta canja.

"A kawo shi yau. Ban ce gobe ba."

Nafisa ta fito ta zauna a kan benci a gindin darbejiyar harabar asibitin. Ya kamata ta ji sanyi, tun da an wanke Nazeer daga asiri. Amma abin da ya wanke shi, shi ne kuma ya ɗaure shi. Ba asiri ba ne, gaskiya, amma kwandonsa ne.

Ta ciro waya. Tun ranar da Gwaggo ta rantse sai ta fasa wayar in ta sake jin muryarsa, ba ta ɗaga kiransa ba. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Malam, ka zo. Ina asibiti."

Ya iso da taɓon lambu a ƙafar wandonsa. Da ya hango ta sai ya ja ya tsaya, kamar mai shakkar ko ita ce.

"Nafisa, ke ce kika koma haka?"

Kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace. Cikin sheshsheƙa ta faɗa masa komai, abin da Gwaggo ke cewa, ɓoyon da ta yi, da bayanin likita. Tana kaiwa kan maganar ban-ruwa ta ga ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ya cire hula ya dafe kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Farkon azumi injin rijiyarmu ya ƙone. Ga zafi, ganye na kwanciya a kan idona. Sai na ce a jawo ruwa daga kwarin da ke bayanmu kafin a gyara. Na san lambatun unguwanni can suke zuba. Na sani, Nafisa, a makaranta an koya mana. Na ce ai na ɗan lokaci ne." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Innata ma haka take fama, muna ta ba ta jiƙon sabara. Ban taɓa haɗa abin ba."

Ta waiga hagu da dama, ta matso kaɗan.

"To ka yi shiru. Daga ni sai kai sai Allah. Zan ce musu likita ta ce ruwan sha ne."

"Ruwan da duk gidan ke sha, ku biyu kaɗai ya zaɓa? Gwaggo ba yarinya ba ce."

"Ka bar ni da su, na san yadda zan yi."

"Sau biyu ana kai shi ana cewa ba komai. In ba a faɗa musu abin da za a nema ba, da inda ya fito, wa zai yarda a sake ɗaga shi?"

"Kana jin abin da kake faɗa kuwa? Yanzu zargi suke yi, ba su da shaida. Ranar da ka buɗe baki ka miƙa musu wuƙa da nama." Ta share fuska da gefen hijabi, wasu hawayen suka biyo. "Wane gori ne ban sha ba a kanka? A gidan biki a ce ga matar mai kabeji. A gidan suna a ce in zo in zaɓa musu tumatir tun da na kusa zama 'yar gida. Na shanye, don na san Abba na bayana. Yanzu shi ma ya ce a dakata. In ka je ka ce kai ne, me ya rage mini?"

"Nafisa."

"Ka tausaya mini, Malam. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya girgiza kai.

"In Baba ya rasu muna rufe da maganar nan, ko da an ɗaura mana aure, da wane ido zan kalle ki? Ke kuma da wane ido za ki kalle ni? Kullum na shigo da cefane sai kin tuna. Gara a hana ni ke yana raye, da in same ki a kan kabarinsa."

Ta rufe fuska da tafukanta. Ta so ta ce ƙarya yake, ta kasa.

"Ina jin tsoro," ta ce.

"Ni ma tsoron nake ji. Tashi mu tafi, lokaci na ƙurewa."

Ana idar da sallar azahar suka isa Gwammaja. Gidan yana can cikin lungu, inda mota ba ta shiga. A bakin titi Nafisa ta ga motar Khalifa a ajiye.

Yana zaune a soro cikin farar shadda, ya kawo wa kawunsa lemo da ayaba. Da ya ga wanda ke bayanta sai ya miƙe ya tare ƙofa.

"Kai ne da ƙafarka a gidan nan?"

"Yaya Khalifa, don girman Allah ka bar shi. Magana ce ta ran Abba."

"Shiga ciki, Nafisa. Kai kuma ka juya tun muna shaida juna."

Nazeer bai motsa ba, bai kuma ɗaga murya ba. "Ba neman aure na zo ba. A ba ni dama in yi magana da Baba, daga nan ko me aka yi mini na yarda."

Hayaniyar ta fito da matan gidan. Gwaggo Luba na ganinsa ta dafe ƙirji ta fara salati. Kafin ta ce komai Nafisa ta zube a gaban mahaifiyarta, ta naɗe hannun rigarta ta nuna mata tsintsiyar hannunta da ta zama kamar sillen kara.

"Umma, ni ma ciwon Abba nake yi. Tun kafin Sallah. Ba azumi nake ba, ɓoyewa na yi. Ni na cinye ragowar kwaɗon nan. Na je asibiti, an auna, an ga abin da ke cikinmu."

Hajiya Zainab ta kama hannun ta juya shi.

"Ba na faɗa ba?" in ji Gwaggo. "Ashe har ya shige ta."

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta fito. "Wane ne a nan?"

Duk suka juya wajen ƙofar ɗakin Alhajin.

"Kawu, yaron nan ne mai lambu," Khalifa ya amsa.

Muryar Alhajin ta sake fitowa.

"Ku bar shi ya shigo."

Nazeer ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, bai yarda ya taka darduma ba. Da ya ga yadda dattijon ya koma sai ya sunkuyar da kai. Ya faɗi abin da likita ta ce, ya faɗi maganar injin da ya ƙone, da ruwan kwari, bai rage komai ba, bai kuma jingina wa kowa ba.

"Baba, ban yi maka asiri ba, Allah ne shaidata. Amma ganyena ne ya kwantar da kai, kuma gangancina ne. Likita ta ce yana da magani, in an kai ka yau."

Gwaggo Luba ta tafa hannu.

"To, kun ji da bakinsa. Abdallah, da ma asirin ne ai da sauƙi. Ƙazantar gari ya kwaso ya aiko maka a kwando, kai kuma ka ci kana sa albarka. Wannan shi ne wanda ka fifita a kan jininka."

Alhaji Abdallah bai kalle ta ba. Ya juyo da kai da ƙyar wajen 'yarsa.

"Uwata, da gaske kin ci?"

"Na ci, Abba."

"Kika ɓoye mini."

"Tsoro na ji."

Ya zuba mata ido. Ta ga yana bin fuskarta da kallo, ƙashin wuyanta, idanunta da suka faɗa, kamar yau ya fara ganinta tun da ya kwanta. Hawaye ɗaya ya gangaro ta gefen idonsa ya shige cikin furfurar gemu.

"Ku ɗaga ni."

"Ba inda za shi," Gwaggo ta ce, ta tsaya a tsakiyar ɗakin. "Mai magani ya ce muddin allura ta taɓa shi aikin ya warware. Kuna so ku kashe mini ɗan'uwa a kan maganar wannan?"

Nafisa ba ta taɓa jin mahaifiyarta ta musa wa Gwaggo ba, ko a kan gishirin miya. Sai ga shi ta miƙe tana gyara mayafi.

"Yaya, ki yi haƙuri. Tun jiya bai yi fitsari ba, kuma ga 'yata a gabana. Ɗan'uwanki ne, ni kuma mijina ne. Khalifa, kama kawunka."

Khalifa ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kawunsa. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya sunkuya ya tallafo shi ta kafaɗa ɗaya. Dattijon ya rame, amma jikinsa ya saki, mutum ɗaya ba zai iya fita da shi lungun ba. Babu wani namiji a gidan. Khalifa ya ɗaga kai, ya yi wa Nazeer wani irin kallo, sannan ya ce ta cikin haƙora, "Me kake jira?"

Nazeer ya taso ya kama ɗaya kafaɗar.

Kafin su ɗaga shi Alhaji ya ɗora tafinsa a ƙirjin Nazeer, kamar mai tsayar da shi.

"Yaro, ka faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi maka sauƙi, na ji. Ka kuma yi ganganci da cikin mutane, shi ma na ji. Ban ce na fasa ba, ban ce na ba ka ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "In na tashi, da ni za ka yi magana. In kuma Allah ya yi ikonsa, dangi ke da Nafisa."

Nafisa ta saci kallon Gwaggo Luba. A gidan nan kowa ya san in an ce dangi, bakin wa ake nufi.

Suka fita da shi, hannunsa ɗaya a wuyan Khalifa, ɗaya a wuyan Nazeer, ƙafafunsa na jan ƙasa. Hajiya Zainab na gaba tana ba maƙwabta haƙuri su ba da hanya. Nafisa ta sunkuya ɗaukar takalmansa a bakin ƙofa, sai ta ji an riƙe mata hijabi.

Gwaggo Luba ce. Idanunta jawur, ita ma kuka take, amma muryarta ba ta rawa.

"Ki yi ta addu'a ya dawo gidan nan da ƙafarsa. In a makara aka dawo mini da shi, wallahi ko sunan yaron nan ba za ki sake ji ba."

Ta sake ta. Nafisa ta rungume takalman ta bi bayansu da sauri, bango na juya mata.

Lungun bai taɓa yi mata tsawo irin na yau ba. Mata na leƙowa daga soraye suna Allah ya sawwaƙe. Daga inda take tana jiyo mahaifinta yana salati ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya ya huta, kalma ɗaya ya huta. Ta kafa kunnenta a kan muryar, tana maimaitawa tare da shi.

Sun wuce masallacin unguwa, har an fara hango motar a bakin titi, ta kai ƙarshen salatin ita kaɗai.

Ta ga kansa ya langaɓe a kafaɗar Nazeer, hular ta zame ta faɗi cikin kwata.

"Baba," Nazeer ya kira. "Baba, mun kusa."

Khalifa ya girgiza shi. "Kawu."

Bai amsa wa ko ɗayansu ba.